Za a kai mu ɗanɗanon giya a gonar inabi ta kan dutse kusa da Cape Town, ni kuma bana sha, ya zan yi?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka, kace wajen aikinku zasu tura ku taro Cape Town ta Afirka ta Kudu a watan Fabrairu, kuma cikin tsarin akwai yini guda da za'a kwashe ku zuwa wata ƙaramar gonar inabi a kan dutse wajen Stellenbosch domin ɗanɗana giya, kai kuma musulmi ne baka sha, kana son sanin me akeyi a wajen kuma ko akwai abinda zai amfaneka ko kawai kayi zamanka a otal. Toh bari in faɗa maka abinda na sani. A yankin nayi karatun noma ɓangaren ƙasa da ban ruwa, aikina yafi yawa a gonakin inabin ci na kwarin Hex River, amma karatu da aunen ƙasa sun sha kaini waɗannan gonakin na kan dutse, kuma har na baro ƙasar giya bata taɓa shiga bakina ba.

Abu na farko ka raba wajen gida biyu a ranka, akwai gona akwai tebur. Gonar gona ce kamar kowace gona, ƙasa ce da ruwa da itace da leburori, kuma wallahi duk mai sha'awar noma zai ƙaru a cikinta. Teburin kuma shine inda ake zama ana zuba giya ana zagayawa da ita, nan ne maganar addini take da nauyi, don ka san hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya a kansa, ka kuma san wanda ya ambaci tsinuwa ga mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa da sauransu, ba mai sha kaɗai ba. Don haka masu ce maka ai kurɓa kawai akeyi a tofar ba'a haɗiyewa, kada ka biye musu, abinda ya shiga baki ya shiga. Hukuncin zuwan kansa ka kaiwa malaminka ka faɗa masa yadda tafiyar take dalla-dalla. Ni abinda na riƙa yi shine in shiga gona in bar musu tebur, kuma ban taɓa samun wanda ya ɗauki hakan a matsayin raini ba, musulmi suna da yawa a Cape Town tun ƙarni uku da suka wuce, masu gonakin sun saba.

Amma ya kamata ka san me akeyi a teburin don kada abin yazo maka baƙo. Irin waɗannan ƙananan gonakin yawanci na iyali ne, wasu basu kai kadada 20 ba, kuma da yawansu sai an yi alƙawari tukunna ake zuwa, ba wajen da motoci ke shiga suna fita bane, sau da yawa ma mai haɗa giyar da kansa ko matarsa ko ɗansa ne zai tarbe ku. Za'a zaunar da mutane a baranda mai kallon kwari, a jera kofunan gilashi masu dogon wuya, a kawo kala huɗu ko biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, kowacce ɗan kaɗan a gindin kofi. Ana farawa da fara, a koma ja, a ƙare da mai zaƙi. Zakaga suna ɗaga kofin suna kallon kala, su juya shi, su tura hanci ciki su shaƙa, su kurɓa su wuskuta a baki, wasu su tofar a wani ɗan bokiti da ake ajiyewa a tsakiya, sai kaji ana ta ambaton ƙamshin 'ya'yan itace da ƙasa da katako. Akwai kalmar da zaka ji tana yawo, tanin, wannan ba wani abu bane illa baurin nan da kake ji in ka tauna goro ko ka sha shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa, daga ɓawon inabin da ƙwallonsa yake fitowa. Zaka ji sunaye irin su Chenin blanc wanda tsofaffin manoman can ke kira Steen, shine aka fi shukawa a ƙasar, da Cabernet Sauvignon da Shiraz, sai Pinotage da suke alfahari dashi saboda a jami'ar Stellenbosch wani farfesa Abraham Perold ya haɗa shi a shekarun 1920 daga Pinot noir da Cinsaut. Duk zaman baya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ƙarshe a miƙo takardar farashi ga mai son sayen kwalba. Shikenan abinda akeyi, kuma wannan awa ɗayar ita nake so ka karɓe ta ka kashe ta a cikin gona.

Yadda zakayi kuwa, tun kafin ranar ka samu wanda ya shirya tafiyar, ka gaya masa kai tsaye baka sha kuma baka zama inda ake sha, amma kana son ganin gonar, ya tambayar maka ko manajan gona ko shugaban leburori zai iya zagayawa da kai lokacin da sauran suke tebur. Kada ka bari sai kun isa an miƙo maka kofi sannan ka fara kame-kame, nan ne kunya take kama mutum har yayi abinda baiyi niyya ba. A ƙaramar gona wannan roƙon yana da sauƙin karɓuwa, manomi a ko'ina yake yana son wanda zai tambaye shi game da ƙasarsa, mafi yawan baƙinsu kwalba kawai suke tambaya.

Yanzu ga inda ni abin yake burgeni, me yasa mutum zai bar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a kwari ya hau gefen dutse inda tarakta ke wahala ya shuka inabi. Mu a gida mun saba fadama itace zinariya, ƙasa mai taushi mai riƙe ruwa, ka saka rake ko shinkafa ko tumatir su yi ta yi. Toh inabin giya akasin haka yake so, in ka saka shi a ƙasa mai ƙarfi da ruwa sosai sai ya haukace da ganye da rassa, 'ya'yan su yi manya su cika da ruwa ɗanɗanon ya tsinke. A gefen dutse ƙasar tsakuwa ce da rududdugaggen dutse, ruwa baya kwanciya, itacen sai ya tura saiwa can ƙasa yana nema, ya haifi 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo, amfanin kadada ya ragu amma abinda aka samu yafi ƙarfi. Kaga dalilin da yasa kayan irin waɗannan gonakin suke da tsada kenan, ga ƙarancin amfani ga kuma kusan komai da hannu akeyi. Sannan ga maganar sanyi, duk mita 100 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 0.6, gonar da ta ɗara kwari da mita 500 kenan ta fishi sanyi da wajen digiri 3, wannan a wajen inabi ba ƙaramin abu bane, yana sa nuna ta tafi a hankali, suga ya taru ba tare da tsamin ya gudu ba. Kuma ka tuna ƙasan duniya kake, rana ta arewa take bi, don haka gangaren da ya kalli kudu shine mai sanyi, wanda ya kalli arewa shine mai cin rana, in ka tambayi manomin zai nuna maka yadda ya raba iri bisa haka, wannan iri a wannan fuskar wancan a waccan. Ga kuma iskar kudu maso gabas da take kaɗawa da bazararsu, suna kiranta likitan Cape, tana busar da ganye ta rage cutar fumfuna amma in tayi ƙarfi tana karya sabon toho, shi yasa zakaga an jera bishiyoyi a gefen wasu filayen ana tare ta.

Damina da rani nasu ma juye suke da namu ta wata fuskar, ruwansu da sanyi yake zuwa daga wajen Mayu zuwa Agusta lokacin itacen ya zubar da ganye yana barci, a nan ake datse rassa, sai kuma zafi ya zo babu ruwa daga Disamba zuwa Maris. Fabrairun da zakuje tsakiyar girbi ne, kayi sa'a, zaka samu ana yanka tun da asuba kafin rana ta ɗumama 'ya'yan, da ɗan almakashi ana zubawa a akwatunan roba. Ka roƙi a baka ka ɗanɗana daga jikin itace, wannan halas ne ba shakka, kuma zakayi mamaki, inabin giya ƙanana ne da ƙwallo a ciki amma yafi wanda muke saya a kasuwa zaƙi nesa ba kusa ba. Ka sa ido a gindin kowane itace kaɗan sama da ƙasa zakaga wani kumburi, wajen aure ne, irin auren da mukeyi wa mangwaro. Dalili wani ƙwaro ne mai cin saiwa da ake kira filoksera, ya fito daga Amurka ya cinye gonakin Turai, ya iso Cape a 1886, maganin da aka samu shine a ɗauko saiwar inabin Amurka mai jure masa a aura mata irin Turai a sama, har yau haka akeyi. Ka duba tsakanin layuka kuma zakaga busasshiyar ciyawa ko hatsi da aka shuka da gangan lokacin sanyi aka kwantar, don ta riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta a gangare kuma ta riƙe danshi, da siraran tiyo masu ɗigar da ruwa a gindi. Ka tambaye shi yadda suka yi a farin da ya kai ga 2018 lokacin da Cape Town ta kusa ƙarar da ruwan famfo har aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, nan zaka ji hira ta gaske. Ka tambaye shi kuma barnar gwaggon biri da tsuntsaye da gobarar daji, don saman gonar daji ne na wasu gajerun tsirrai da suke kira fainbos, yana kamawa da wuta sosai da rani.

Ɗakin da ake haɗawa kuma kai zaka yanke ko zaka shiga. Abinda ke ciki shine manyan tankunan ƙarfe da gangunan katako, kowace ganga lita 225 wato wajen kwalba 300. Ana murƙushe inabin, yis ya cinye sugan ya mayar dashi barasa da iska, in ja ake so sai a bar ruwan da ɓawonsa don kalar daga ɓawo take, ruwan yawancin baƙin inabi fari ne. A Fabrairu warin tsimuwar yana da ƙarfi ƙwarai, ni daga bakin ƙofa nake tsayawa.

Sai abin sha da abinci, nan ka buɗe ido da kyau don nan ne mutum yake faɗawa bai sani ba. Ruwan inabi zalla na kwalba wanda ba'a tsima ba akwai shi a gonaki da yawa, har da mai gas, na irin da suke kira Hanepoot yana da ƙamshi sosai, ga kuma lemon tuffa da na inabi masu gas, Appletiser da Grapetiser, ko'ina. Amma akwai wata da zasu iya miƙo maka da kyakkyawar niyya suce ai wannan an cire mata barasa, toh ita giya ce aka fara yi cikakkiya sannan aka zare barasar, kuma ana barin har kashi 0.5 cikin 100 a ciki, ni bana shanta kuma bana ba kowa shawarar sha. Haka lokacin girbi akwai abinda suke kira mos, ruwan inabin da aka matse ya fara tsimuwa, yana da zaƙi kamar lemo amma ya kama hanya, ka barshi. Farantin da ake kawowa na cuku da burodi da zaitun kusan kullum akwai yankakken naman alade a gefe, siriri ja-ja, wani lokacin a kan katako ɗaya. Kilishinsu da suke kira biltong na sa ne ko na namun daji amma ba lallai yankan musulmi bane, sai ka ga tambarin hukumomin halal na can, MJC ko SANHA, a jikin leda. Miyar nama da yawa da giya ake dafa ta, kayan zaƙi ma haka. Ni ya taɓa faruwa dani a wata gona, na tambaya game da nama aka tabbatar min kifi ne, na saki jiki, sai da aka kawo wani kek mai ɗumi na kai cokali kusa da baki naji warin ba daidai ba, ina tambaya akace ai da burandi, wata giya mai ƙarfi, aka jiƙa shi, mai kawo abincin bata ma kawo a ranta cewa wannan ma sha bane. Tun daga ranar kowane faranti sai na tambaya da kalmomi ɓaro-ɓaro, akwai giya ko burandi a ciki ko a miyar, akwai alade. Kifi gasasshe da ganye da burodi da man zaitun sun ishe ka, kuma gonaki da yawa suna da zaitun nasu, ɗanɗanon man zaitun abu ne mai kyau da zaka iya nema a maimako.

Akwai wani ɓangare da ba kasafai mai zuba giya zai faɗa muku ba, ni kuma ina ganin bai kamata mutum ya je ya dawo bai sanshi ba. Zasu gaya muku Jan van Riebeeck jagoran Turawan Holan ya sauka Cape a 1652, an fara matsa giya ranar 2 ga Fabrairu 1659, wani shugabansu na baya Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679 ya samu gonar Constantia a 1685, Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka iso a 1688 suka zauna inda ake kira Franschhoek yanzu. Duk gaskiya ne. Amma hannuwan da suka sare dajin suka dasa itacen suka gina fararen gidajen nan masu kyau na bayi ne, jiragen farko a 1658 daga Angola da gaɓar Afirka ta Yamma suka kawo mutane, daga baya aka riƙa kawowa daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, a tsofaffin gonaki har yau zakaga wata 'yar farar hasumiya da ƙararrawa a rataye, ta kiran bayi aiki ce. An soke bautar a 1834 amma sai 1838 aka sake su. Ta wannan hanyar musulunci ya shigo, Shehu Yusuf na Makassar ta Indonesiya Turawan Holan suka koro shi a 1694 suka ajiye shi a gonar Zandvliet, ya rasu a 1699, kabarinsa yana nan wajen da ake kira Macassar ba nisa da hanyar da zaku bi zuwa Stellenbosch, kuma a gefen gonar Klein Constantia ma akwai kabarin wani shehin da aka koro daga Sumatra, ga inabi ga kabari suna kallon juna. Bayan bauta sai aka shigo da tsarin dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, ana bashi sau da yawa a yini. An haramta a farkon shekarun 1960 amma ya ci gaba a ɓoye har shekarun 1990, kuma abinda ya bari yana nan, yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da ake haifa da nakasar kwakwalwa saboda uwa ta sha da ciki. Na ga yaran nan da idona a ƙauyukan gona, ƙanana basu kai shekarunsu ba, abin yana tsaya min a rai har yanzu. A 2012 leburorin De Doorns, can kwarin da nayi aiki, suka yi yajin aiki har aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105 a 2013. Shi yasa in ka samu zagayawa da shugaban leburori ka gaishe da masu yankan, ka tambayi inda suke kwana da inda yaransu suke makaranta, yadda mai gona ya amsa wannan tambayar zai nuna maka ko wane irin mutum ne, akwai na kirki sosai a cikinsu waɗanda suka ba ma'aikata hannun jari, akwai kuma waɗanda zasu canza magana. In zaka bada ihsani ka bashi a hannunsa.

Ƴan abubuwa na hanya, Stellenbosch wajen kilomita 50 ne daga Cape Town, Franschhoek wajen 75, in ta mashigin dutsen Helshoogte za'a bi daku hanyar tana da kwana-kwana, mai jiri ya zauna gaba. Ka tabbatar direban haya ne wanda baya cikin masu ɗanɗanon, kada ka yarda ka dawo a motar abokin aikin da yace ai tofarwa yayi, gara ka kira mota da kanka, amma ka shirya ta tun daga gari don a saman dutse ba kullum ake samun mai zuwa ɗauka ba. Ka saka takalmi rufaffe da hula, ranar Fabrairu tana ƙuna, ka kuma riƙe 'yar riga mai kauri saboda iskar yamma. Sallah kuma kada ka juya gabas yadda muka saba, alƙibla daga can arewa take ta ɗan karkata gabas kaɗan, ka duba a waya, ka tafi da alwala da darduma, gindin bishiya a cikin gona ya wadatar, in juma'a ce akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch da Paarl.

Sai abu ɗaya da na san zuciyarka zata raya maka in kai mai son noma ne, ka yanko reshe ka taho dashi gida. Kada kayi. Banda cewa shigo da tsiro yana buƙatar takardar hukumar killace tsirrai, gonakin can suna fama da wata cutar bairos mai naɗe ganye wadda ido baya ganinta a jikin busasshen reshe, kuma irin giya ba shine na kasuwarmu ba, ƙanana ne masu ƙwallo. Su kuma sanyin hunturu ne yake kwantar da itacen ya tashe shi, mu bamu dashi, sai dai a tilasta masa da datsa da janye ruwa. In inabi kake so ka noma ka nemi manoman wajen Kudan a jihar Kaduna da suka riga suka gane irin da yake yi a ƙasarmu, abinda zaka ɗauko daga gonar dutsen shine yadda suke ɗaure rassa a waya, da tazarar layi, da tsarin tiyon ɗigo, waɗannan ka ɗauki hotonsu da kyau ta kusa, har da yadda suka ɗaure sandar ƙarshen layi don kada nauyi ya janyo ta.